Mai Binciken Ƙwayar Gado Yana Jayayya da Ƙaddara Ne?

A Dungas da Magariya da ƙauyukanmu na kan iyakar Jigawa, idan yaro ya kai shekara uku wuyansa bai tsaya ba, ko bakinsa ya ƙi buɗewa, sai ka ji an ce ɗan ruwa ne. Wasu su ce aljanu suka musanya shi don uwar ta fita da almuru, wasu su ce mugun jinin gidansu ne. Ko ta ina aka biyo, a kan uwa zancen yake ƙarewa. Na san matan da aurensu ya mutu a kan haka.

Ni malamin ilimin halittu ne. Duk lokacin da na ce akwai masanan da aikinsu ke nan, su ɗebi jinin irin waɗannan yara su duba ƙwayoyin gado, sai wani dattijo ya tare ni: "Malam, abin da Allah Ya rubuta, me za a tona a cikinsa?" Ba na raina tambayar nan. Mai yin ta yana tsoron ɗan Adam ya wuce gona da iri ne, kuma tsoron yana da dalili.

Amsar da ta fi kwantar mini da hankali tana cikin Bukhari da Muslim. Wani Balarabe ya zo wa Manzon Allah (SAW) da zargin matarsa, don ta haifi ɗa baƙi. Manzo ya tambaye shi launin raƙumansa, ya ce jajaye ne, amma akwai mai ruwan toka a cikinsu. Daga ina? Mutumin da bakinsa ya ce wataƙila wani asali ne na can baya ya jawo shi. Aka ce masa ɗansa ma haka. Da bayanin gado aka wanke matar, a bakin wanda ya fi kowa imani da ƙaddara.

Abin da mai bincike yake yi a yau bai fita daga nan ba. A 1959, a Faris, Marthe Gautier da Jérôme Lejeune da Raymond Turpin suka ƙirga kuromosom na yara masu irin galahangar da ake kira ta Down, suka samu 47 maimakon 46. Na 21 ne ya zo uku. A 1999 kuma ɗakin binciken Huda Zoghbi, ƴar asalin Labanan da ke aiki a Amurka, ya gano ƙwayar gadon da ke haddasa ciwon Rett. Wannan ciwo na fi daɗewa a kansa, don ya yi kama da abin da muke kira kambun baka. Yarinya ce lafiya lau, tana dariya, tana kama abu, wataƙila har ta fara cewa baba. Tsakanin wata 6 zuwa 18 sai abin ya tsaya, maganar ta gudu, hannuwan su koma murzar juna. A gidajenmu wa za a tuhuma in ba kishiya ko tsohuwar maƙwabta ba? Alhali mafi yawan lokuta sauyi ne sabo da ya auku a ƙwayar, babu shi a jinin uwa, babu shi a jinin uba. Har yau ba a warkar da shi. Amma sanin ya isa ya hana a kira wata baiwar Allah mayya.

Inda tsoron dattijon yake da gaskiya shi ne abin da ake yi da sanin. A Turai gwajin da ke gano Down tun a ciki ya zama hanyar zubar da cikin, har Lejeune ya ƙare rayuwarsa yana yaƙi da hakan. A ganina, binciken da ƙarshensa shi ne a rasa yaron ya ci amanar yaron. Shari'a ta ɗauke alƙalami daga kan wanda hankalinsa bai cika ba, amma ba ta ɗauke haƙƙinsa na ci da sutura da mutunci daga kanmu ba.

Sannan ba kowace lalurar ƙwaƙwalwa ce ta gado ba. A yankinmu sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro mai hawa kai, da doguwar naƙuda, da tamowa, suna naƙasa yara da yawa, kuma duk ana iya rigakafinsu. Auren zumunci kuwa halal ne, Ali da Faɗima ma dangi ne. Sai dai idan miji da mata suna ɗauke da ɓoyayyar ƙwaya iri ɗaya, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu, kamar yadda muka sani a sikila. Faɗa wa ma'aurata wannan nasiha ce.

Hukuncina shi ne binciken halal ne, har yana iya zama farilla ta kifaya, muddin yaron da uwarsa ake yi wa. Ina roƙon limamanmu su karanta hadisin raƙuman nan a huɗuba, ɗalibanmu na Jami'ar André Salifou ta Damagaram kuma wasu su ɗauki wannan fanni. Kai kuma mai ɗa irin wannan a gida, ka kai shi asibiti a duba, kada ka saki uwarsa.