Shin Ƙidayar Ƙudan Zuma Aikin Banza Ne?

 

A shekarar 2008 wata malamar jami'a a Amurka, Gretchen LeBuhn, ta soma koya wa 'yan sa kai su zauna gaban fure, su ƙidaya ƙudan zuman da suka sauka a kansa, su aika wa masana. Da za a kira samarin Tambuwal da Kebbe zuwa ga irin wannan aiki, ba za a rasa mai cewa lagawu ne ba. To, ya kamata a duba.

Abu Dawuda ya ruwaito daga Ibnu Abbas, Allah Ya yarda da su, cewa Manzon Allah ya hana kashe dabbobi huɗu, cikinsu har da ƙudan zuma. Ga kuma sura ta 16 sukutum da aka kira da sunansa, watau Suratun Nahli. Amma mafi yawan jama'a ba su san kowane ƙuda ba sai na amya, alhali masana sun ƙidaya iri wajen 20,000 a duniya. Galibinsu ba su yin zuma, ba su da sarauniya. Kowace uwa tana haƙa raminta ita kaɗai cikin ƙasa ko busasshen icce. Duk da haka suna cikin masu kai garin fure daga wannan fure zuwa wancan, har kankana da kabewa su yi 'ya'ya. Manomin da ya fesa magani a fadama da hantsi, fure na buɗe, da yaron da ya cinna wa daji wuta don gafiya, suna hallaka su ba da sani ba. Malaman usulu kuwa sun tabbatar cewa abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. Ta ƙaƙa mutum zai kiyaye ran abin da bai san kamanninsa ba?

Sai dai akwai wurin tsayawa. Wasu masu bincike sukan girka kwanoni masu launi da ruwan sabulu, ƙudan su faɗa su mutu, don a tantance irinsu. Wannan bai dace a sakar wa kowa ba. Ɗan sa kai ya wadatu da idonsa, da littafi, da hoton waya. In lalura ta sa sai an kama, masani ya kama gwargwadon lalurar, ya rubuta rana da wurin da ya kama.