Katin Barkwanci: Laifin Mai Zane Ko Na Mai Aikawa?

Bara wani abokina da ke karatu a Ingila ya aiko mini da katin gaisuwa. An zana wani tsohon kunkuru da tabarau yana neman haƙoransa a ƙarƙashin gado, wai ni ne. Na yi dariya har da hawaye. Daga baya tunani ya zo mini: da wannan kati hannun malamina ya faɗa, da sunansa rashin kunya. To, ina laifin yake, ga mai zane ko ga mai aikawa?

Sana'ar ta daɗe. A 1843 Henry Cole ya sa John Horsley ya zana masa katin Kirsimeti a Landan, aka buga dubu ɗaya, ana sayar da kowanne sule guda. Cikin ƙarnin nan kuma aka yi ta sayar da wasu katuna masu arha na zambo a Ingila da Amurka, ana zana mai rowa ko tuzuru da mummunar kama, a aika wa mutum ba sa hannu. A 1973 Sandra Boynton, tana ɗaliba a Jami'ar Yale, ta fara zana nata katunan da dabbobi masu ban dariya, tana sayarwa da kanta. Ire-irenta, masu cin gashin kansu, sun fi manyan kamfanoni ƙarfin halin tsokana, don ba su da shugaban da zai ce musu kul.

Ni a ganina, mai zane bai san wanda zai karɓa ba. Maƙeri ne, ya ƙera wuƙa ya kai kasuwa. Mu da muka san wasan jika da kaka, da na taubasai, da na Fulani da Barebari, mun san maganar da ke sa dariya tsakanin abokan wasa ita ce ke jawo mari a bakin bare. Dangantaka ce ke halatta wasa.

Amma ban wanke mai zane tas ba. Idan ya mai da makaho ko gurgu abin dariya, babu dangantakar da za ta gyara wannan.

Saboda haka, ya ɗan'uwa, kafin ka lika ambulan tambayi kanka: zan iya faɗa masa wannan ido da ido? In ba za ka iya ba, mayar da katin. In za ka iya, rubuta sunanka ƙasa.