Shugaban da Ya Ji, Ya Yi Shiru

Ga tambayar da ta cancanci mu auna ta a natse: in aka kawo wa shugaba ƙarar cewa wani ma'aikacinsa yana dukan matarsa a gida, shin akwai alhaki a wuyan shugaban nan, ko kuwa ikonsa ya ƙare a ƙofar wurin aiki?

Tambayar ta girgiza Amurka a shekarar 2018. A lokacin, Urban Meyer shi ne babban mai horar da 'yan wasa na Jami'ar Jihar Ohayo, a irin ƙwallon nan tasu da ake runguma a hannu, kuma ya ci kofin ƙasa sau uku, a 2006 da 2008 da 2014. A cikin mataimakansa akwai jikan tsohon maigidansa, mutumin da ya buɗe masa hanya a sana'ar. Tun a 2009, suna tare a Filorida, 'yan sanda suka kama mataimakin bisa zargin dukan matarsa tana da juna biyu, daga baya aka janye ƙarar. A 2015 zargin ya sake tasowa. Ba a gurfanar da shi ba, shi kuma ya musanta. Sai a watan Yulin 2018, bayan kotu ta hana shi kusantar matar, aka sallame shi. Meyer ya gaya wa 'yan jarida cewa bai san da maganar 2015 ba. Bincike ya nuna ya sani. Jami'ar ta dakatar da shi wasanni uku.

Bai kamata mu yi saurin jifansa ba, gama uzurinsa irin namu ne. Ya jira 'yan sanda su yi nasu, kuma zargi ba hukunci ba ne. Wanda ya kori ma'aikaci a kan jita-jita ya yi zalunci. Wannan gaskiya ce. Amma tsakanin kora da yin shiru akwai fili mai faɗi. Ba a nemi Meyer ya zama alƙali ba. An nemi ya kai maganar ga ofishin da jami'a ta kafa domin irin wannan, inda waɗanda ba su da dangantaka da gidan tsohon maigidansa za su duba ta. A nan ne ya gaza. Alherin da aka yi masa a ƙuruciya ya so ya rama, amma da lafiyar wata mace ya rama shi, ita kuwa ba a tambaye ta ba.

Mu a nan, daga Gantsa zuwa Dutse, ba mu da jami'o'in da ke zuba miliyoyin daloli a wasanni, amma muna da hedimasta da malaminsa, mai horar da ƙungiyar ƙwallon matasa da yaronsa, mai gona da ɗan ƙwadagonsa. Muna kuma da kalmar da ke rufe bakin kowa, wato rufin asiri. Kalma ce mai daraja, ita ce ke sa maƙwabci ya aika da tuwo da dare domin kada a ga yunwar gidan. Sai dai mu tambayi kanmu, asirin wa ake rufawa? Matar da ta fito rijiya da kumburarren ido ba ta da sauran asiri. Duk unguwa ta gani. Sunan mijin ake karewa, da sunan makarantar, da kwanciyar hankalin shugaba.

Doka ma ta daɗe tana taya mu yin shiru. Sashe na 55 na dokar Final Kod ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ya bar wa miji damar horon matarsa inda al'ada ta yarda, muddin bai yi mata mummunan rauni ba. A 2015 gwamnatin tarayya ta kafa dokar hana cin zarafin mutane, a 2021 kuma Gwamna Muhammad Badaru Abubakar ya sa hannu a kan ta Jihar Jigawa. Mai cewa maganar cikin gida ce, yanzu ba shi da doka a bayansa.

Littafin Sama'ila na Fari ya ba mu Eli, firist na Shilo. Ya ji abin da 'ya'yansa Hofni da Finehas suke yi, har ya tsawata masu, amma ya bar su a kan aikinsu, aka kuwa nemi alhakin a hannunsa. Ikilisiya ta koyi wannan da tsada, shi ya sa a 2019 Paparoma Faransis ya kafa dokar da ta wajabta wa firistoci kai rahoton cin zarafi, ta kuma sa a binciki bishop ɗin da ya ɓoye.

Ranar da aka sanar da dakatarwar, Meyer ya nemi gafarar magoya bayan ƙungiyarsa a gaban 'yan jarida, bai ambaci matar ba. Sai bayan kwana biyu, da suka ta yi yawa, ya rubuta mata nata ban haƙurin a Twitter.