Babur a Damina da Maganar Sababi

Duk wanda ya riƙe babur a watan Agusta ya san irin safiyar nan da ake wayar gari bayan an kwana ana tafka ruwa. Ka goge kujera da tsumma, ka murɗa makulli, ka taka kiki. Shiru. Ka sake takawa, injin ya yi tari sau ɗaya ya mutu. Kafin gumi ya karyo maka, wani mai wucewa ya riga ya ce, "Haƙuri, Malam, haka Allah Ya so." Gaskiya ya faɗa. Abin da ya daɗe yana damuna shi ne yadda mutane da yawa suke rufe magana da wannan gaskiyar, alhali malaman da suka karantar da mu tauhidi ba su taɓa koya mana haka ba.

Akwai wani dattijon bakanike a unguwarmu da nake son zama in kalli aikinsa. Ba ya ɗaukar sifana sai ya yi bisimilla, kuma ba ya ce maka babur zai tashi sai ya haɗa da in sha Allahu. Amma daga nan aiki ne bi da bi, ba tsallake. Ya san inji yana bukatar wuta da mai da iska, kuma ruwan sama yana iya toshe kowanne. Da fulogi yake farawa. Zai cire hular, ya hure ta, ya kwance fulogin ya goge, ya mayar da shi cikin hular, ya jingina gindinsa da ƙarfen inji, sannan ya ce wa yaronsa, "Taka." Idan shuɗin tartsatsi ya yi tsalle a bakin fulogin, ya gama da wannan ɓangaren. Idan bai fito ba, ko ya fito ja-ja ba ƙarfi, sai ya bi waya zuwa koyil da maɓallin kashe inji da ke kan hannu, inda laima take son ɓuya.

Wurin da ya fi burge ni shi ne kabureta. Ruwa ya fi fetur nauyi kuma ba sa gauraya, don haka idan robar murfin tanki ta tsufa ruwa ya samu hanya, can ƙasa yake kwantawa, kuma daga ƙasan ne mai yake gangarawa. Dattijon zai sassauta ɗan ƙaramin sukurun da ke gindin kabureta, ya tara gwangwanin tumatir, ya miƙo maka. Ka leƙa ka ga ɗigon ruwa a dunƙule yana yawo ƙarƙashin fetur. Ɗan wannan ne ya hana ka zuwa aiki. Bayan haka ya matse soson iska idan ya jiƙe. Babur ɗin da ya nutse a ambaliya kuwa ba ya yarda kowa ya taka shi sai an cire fulogi, domin ruwa ba ya matsuwa, kuma idan ya cika silinda ƙarfen ciki ne zai lanƙwashe.

Shin mutumin nan yana saɓa wa kansa ne da yake kiran sunan Allah sannan yake bin sababi ɗaya bayan ɗaya? A zauren da na yi karatu mun ji amsar tun muna yara, a cikin koyarwar Shaihu Sanusi na Tilimsan, mai Ummul Barahin, wanda ya rasu a 1490. Ya raba hukunci uku: na shari'a, na hankali, da na al'ada. Hukuncin al'ada shi ne ka ga abu biyu suna tafiya tare sau da yawa har ka san idan wannan ya zo wancan zai biyo, ba tare da ka ɗauka ɗayan ne yake halittar ɗayan ba. Kafinsa Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo misalin wuta da auduga a Tahafutul Falasifa: abin da ido yake gani shi ne ƙonewa tana faruwa lokacin da suka haɗu, amma mai ƙonarwar Allah ne. Ibnu Rushdi na Kurɗuba ya yi masa raddi da zafi, yana ganin wanda ya kore sababi ya kore ilimi gaba ɗaya. Na fi karkata ga Gazali, amma dole in faɗi abin da ake yawan mantawa. Shi kansa ya bayyana cewa Allah Yana gudanar da al'adarSa a kan tsari, har Ya dasa mana sanin wannan tsarin a zuci. Rigimarsu a kan waye mai aikatawa ce. Babu ɗayansu da ya ce kada a buɗe kabureta.

Na yarda akwai inda sifana ba ta kaiwa. Mutumin da babur ɗinsa ya ƙi tashi a daren da matarsa take naƙuda, bakanike zai iya nuna masa ruwan da ya shiga, amma ba zai iya gaya masa don me sai a wannan daren ba. Wannan tambayar ta ƙaddara ce, kuma haƙuri ne kawai maganinta. Kuskuren shi ne a ɗauko amsar wannan tambayar a ba wa waccan ta farko, ta abin da ya hana babur tashi, wadda gwangwanin tumatir zai iya warwarewa.

Kuma abin ba ya tsayawa a kan lalaci kaɗai. Wanda ya ƙi neman sababi na fili, sau da yawa yakan ƙirƙiro na ɓoye, sai ya ɗora wa mutum. Ƙanina ɗan acaɓa ne. A wata damina ya bar Boxer ɗinsa a tsakar gida ba rufi, da safe ta ƙi tashi. A daren da ya gabata kuwa sun yi sa-in-sa da wani abokin sana'arsa a bakin tasha a kan fasinja. Nan take ya haɗa biyun. Ya zo mini ido jajur yana cewa, "Yaya, wallahi hannu aka sa mini." Ya yi kwanaki yana neman turare da rubutu, ba ya fita, mai babur yana jiran balas. Da na matsa masa muka tura ta wurin dattijon, ko rabin awa ba a yi ba ta tashi. Ruwa ne a kabureta.

Ba na musun kambun baka, ya tabbata a hadisi. Amma Suratul Hujurat ta gargaɗe mu game da yawan zato, ta kuma nuna wani zaton zunubi ne. Mutumin da aka zarga yana da iyali da mutunci, kuma maganar ta riga ta zaga tasha kafin a kwance sukurun nan. An gyara babur da 'yan kuɗi kaɗan, shi kuwa har yau wasu suna yi masa kallon mai asiri. Na ce wa ƙanina ya je ya same shi a gaban mutanen da ya faɗa wa maganar, ya nemi gafararsa. Ya ce mini, "To, Yaya, zan je." Bai je ba tukuna, kuma duk ranar da ya shigo gaishe da Inna sai na sake tuna masa.