Kada Ka Kama Audu Da Laifin Bala

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya kai saurayi Musulmi mai zaman majalisa a Ƙofar Kaura bayan Isha'i, ka sani Kaura sarautar yaƙi ce. Tunda sunan jagoran mayaƙan Katsina ne a kan unguwarka, kai ya kamata ka fi kowa sanin abin da yaƙi yake ci. Ni da kai ba a haife mu ba zamanin yaƙin basasa, amma jahiltar tarihi ba uzuri ba ne.

Yaƙin nan bai fara ranar da aka harba bindiga ba. A 1914 Gwamna Lugga ya haɗe Arewa da Kudu don sauƙin mulkin Turawa, ba a haɗe zukata ba. Aka samu 'yanci a 1960 kowace babbar jam'iyya tana jingine da yankinta, kowa yana tsoron kada wani ya danne shi. Wannan ita ce asabiyya, ƙabilancin da Musulunci ya zo ya rushe.

Ran 15 ga Janairu 1966 wasu hafsoshi, akasarinsu Ibo, suka kashe Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Akintola da Birgediya Maimalari. Wannan zalunci ne. To, amma saurara, gaskiya ɗaci gare ta. A watan Mayu da Satumba na shekarar, an kashe dubban Ibo a garuruwan Arewa: 'yan kasuwa, ma'aikata, mata da yara waɗanda ba su san hawa ba balle sauka. Wallahi wannan ma zalunci ne! Wace Shari'a ce ta ce a kama Audu da laifin Bala?

An nemi sulhu. A Janairun 1967 shugabannin soja suka zauna a Aburi ta ƙasar Gana, cikinsu har da ɗan garin nan, Hassan Usman Katsina, ɗan Sarki Usman Nagogo, gwamnan Arewa a lokacin. Amma amana ta riga ta mutu, kowa ya dawo da tasa fassarar. Ran 30 ga Mayu Ojukwu ya yi shelar Biyafara. Aka gwabza wata 30, daga Yulin 1967 zuwa Janairun 1970. Ana ƙiyasta mamata da miliyan ɗaya ko fiye, akasari yunwa ce ta ci su.

Da aka gama, Gowon ya yi afuwa, ya ce babu wanda ya ci wani. A 1973 aka kafa hidimar ƙasa don matasa su san juna. Madalla. Sai dai Ibo da yawa masu ajiya a banki fam 20 kawai aka ba su, kuma har yau ana jin zafinsa. Sulhun da adalci bai cika shi ba, garwashi ne a ƙarƙashin toka.

Dubi Manzon Allah. Ya tarar da Ausu da Khazraju da jinin yaƙin Bu'asu a tsakaninsu, ya mai da su 'yan'uwa. A shekara ta 8 bayan Hijira ya ci Makka, ya yafe wa waɗanda suka kore shi. Ko kai ka fi shi kishin addini ne?

Saboda haka, idan hoton gawa ya shigo wayarka ta WhatsApp aka ce "sun kashe namu", tsaya tukuna. Suratul Hujurati ta umarce ka da bincika labari, da kuma sulhunta masu faɗa. Kada ka tura abin da ba ka tabbatar ba. Baƙon da yake da shago a layinku amana ne a wuyanka. Ranar da gari ya rikice, ka tsaya a ƙofarsa ka kare shi, domin za a tambaye ka gobe Ƙiyama.

Allah Ya kiyashe mu fitina, Ya ba mu zaman lafiya mai adalci. Amin.