Kafin Ka Biya Kuɗin Tsohon Jirgin Nan, Ɗana

Ɗana, idan Allah Ya hore maka, zama ya kai ka gaɓar tekun Amurka ko ta Turai, har ranka ya raya maka sayen tsohon jirgin ruwan shaƙatawa irin wanda ake kira tirola, zauna mu yi magana kafin ka biya. Ban hana ka ba. Jirgi ne mai mutunci, an ƙera shi a siffar jiragen masunta, ba ya gaggawa, tafiyarsa ba ta wuce kilomita 13 zuwa 15 a awa, kuma ba ya shan mai da yawa. Irin su Grand Banks, waɗanda kamfanin American Marine ya fara ƙerawa a Hong Kong, da katako ake yin su har zuwa 1973, lokacin da aka koma faiba. Wanda ka gani yana walƙiya, an ce maka an sabunta shi, mai yiwuwa ya girme ka.

To, kada ƙyallin fenti ya ɗauke maka hankali. Mutane suna zaton teku ce ke cinye jirgin katako. Ruwan gishiri ma yakan jinkirta ruɓewa. Ruwan sama ne abokin gaba. Dubi daɓen nan na katakon tik da kowa ke yabo. Da ɗaruruwan sukurori aka kafe shi, kuma kowanne ƙofa ce. Shekaru na tafiya, abin da aka toshe ramukan da shi yana sakin jiki, ruwa ya sulala ƙasa ya jiƙa filawud ɗin da ke ciki, ya ruɓar da shi a ɓoye. Daga nan ya riƙa ɗiga a kan tankunan mai, waɗanda na baƙin ƙarfe ne a yawancin jiragen zamanin, har da na Taiwan na shekarun 1970 da 1980. Tsatsa ta fara daga saman tanki, inda ido ba ya kaiwa. Ranar da tankin ya hude, sau da yawa sai an fitar da inji ko an yanka jikin jirgi kafin a ciro shi. Ka san ɗakin soro: wanda ya ƙi yaɓe rufinsa kafin damina, azara ce za ta ba shi labari.

Saboda haka ka ɗauko gwanin duba jirage, wanda kai za ka biya, ba wanda mai sayarwa ya kawo ba. A fito da jirgin kan tudu, ya bi shi da guduma da na'urar auna danshi. Ka nemi rasiɗai da hotunan aikin da aka ce an yi. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba.

Injin bai cika ba ni tsoro ba. Injin Ford Lehman mai ƙarfin doki 120 yakan daɗe ƙwarai idan ana canja masa baƙin mai da matata. Zama ne ke kashe shi: ruwa ya taru a gindin tanki, ƙwayoyin cuta su hayayyafa a cikin dizal, su toshe matata a tsakiyar teku. Ka riƙa fita da shi.

Sai kuɗi. Masu jirage sukan ce ka ware kusan kashi 10 cikin 100 na darajarsa kowace shekara, tsoho kuwa yakan zarce. Kuɗin wurin ɗaurewa, inshora, fentin ƙasa, da guntayen tutiya da ake liƙawa kusa da farfela don su cinye a madadinta. Idan wannan zai taɓa abincin iyalinka ko karatun yaranka, haƙura, ka yi hayar jirgi duk lokacin da marmari ya taso.

In kuwa ka saya, ka san kowace huda da ke ƙasan jirginka da bawul ɗin da ke tsare ta. Ka murɗa su da hannunka lokaci-lokaci don kada su ƙage, ka rufe su duk ranar da za ka bar jirgin. Jirage da yawa a mashigin da aka ɗaure su suke nutsewa, saboda tiyo guda ya tsage da dare kuma batirin famfon fitar da ruwa ya mutu.