Akuyar da Ta Daina Kiwo

Duk mai kiwo a ƙasar Zuru yakan gane akuyar da ba ta da lafiya tun kafin ya taɓa jikinta. Takan ware daga 'yan'uwanta, ta raɓe a gindin danga, kunne a sake, ko dusa aka zuba mata sai ta sunsuna ta kau da kai. Ba mai ce mata raguwa, balle a ce ta rasa tawakkali. Magani ake nema mata.

A 1988 wani likitan dabbobi a Amurka, Benjamin Hart, ya bayyana cewa wannan lafewar dabara ce ta jiki. Idan garkuwar jiki ta shiga yaƙi da cuta, takan saki wasu sinadarai, irin waɗanda ke sa miki ya kumbura ya yi zafi. Su ne kuma ke kai saƙo ga ƙwaƙwalwa a rage ci, a rage yawo da cuɗanya, don a tattala ƙarfi. Likitocin ƙwaƙwalwa suka ga ai kamannin mai ciwon damuwa ke nan. Allurar intaferon, wadda aka daɗe ana yi wa masu ciwon hanta nau'in C, ta ƙara buɗe musu ido: aikinta zuga garkuwar jiki, amma sai kusan ɗaya cikin huɗu na masu karɓarta su faɗa ciwon damuwa.

Tashin hankali ma yana taɓa garkuwar. A 1995 Janice Kiecolt-Glaser ta Jami'ar Jihar Ohayo ta yi wa wasu mata ɗan ƙaramin miki a hannu. Na masu jinyar 'yan'uwa da ke fama da cutar mantuwa sai da ya ƙara kimanin kwana 9 a kan na sauran matan kafin ya warke. A Dunedin ta ƙasar Niyu Zilan kuwa, an bibiyi yara kusan 1,000 tun daga haihuwa. Waɗanda suka sha azaba a yarinta, da suka kai shekara 32, alamar kumburi ta fi yawa a jininsu.

To, mu dubi gida, ƙasar Zuru. A Yunin 2021 'yan bindiga sun kashe mutum 88 a ƙauyukan Danko-Wasagu. A Maris 2022 an yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a yankin Sakaba, fiye da 60 suka rasu. A Nuwamban 2025 an kwashe ɗalibai mata 25 daga makarantar Maga. Ana ƙirga matattu, ana ƙirga waɗanda aka sace, amma ba mai ƙirga uwar da ta shekara tana kwana da kunne a buɗe, ƙarar babur kaɗai ta isa ta tsinka mata zuciya. Zuru kuma ƙasar sojoji ce, ƙasar da saurayi ke noman golmo shekara da shekaru don nuna ya isa aure. Juriyar nan abin alfahari ce, sai dai ita ce ke hana namijin da ya dawo daga fagen daga ya buɗe baki ya ce barci ya ƙaurace masa.

Mutanenmu ba sa cewa suna da ciwon damuwa. Cewa suke yi jiki duk ciwo, kai na sara, abinci ba ya shiga. Sai a nufi kyamis, a haɗa maganin maleriya da na taifod, bayan wata guda a sake. Da ciwon ya ƙi tafiya, sai a fara zargin mutum da son jiki ko a ce jifa ne. A ganina wannan zargin zalunci ne, domin ciwon da yake ji na gaske ne.

Kada dai a yi gaggawa. Ba kowane mai ciwon damuwa ne ke da kumburin ba. A wani bincike da aka wallafa a 2013, Charles Raison da abokan aikinsa a Jami'ar Emory sun gwada wani magani mai kashe kumburi a kan mutum 60 da damuwarsu ta gagari magani. A dunƙule bai fi allurar da ba magani a cikinta ba. Masu kumburi da yawa a jini ne kaɗai suka nuna alamar sauƙi. Saboda haka wanda ya dage da haɗiyar ƙwayoyin kashe zafi don ya sami sanyin zuciya, gyambon ciki da ciwon ƙoda yake jawo wa kansa.

Idan ɗan'uwanka ya tsira daga hari, aka auna jininsa ba maleriya, amma ya wuce mako biyu ba ci, ba barci, ba shiga mutane, zauna ka tambaye shi abin da ya gani, ka bar shi ya faɗa iya abin da zai iya. Ka yi masa addu'a, sannan ka raka shi asibiti, ka gaya wa likita labarin harin, ba ciwon jikin kaɗai ba. In ta kama a tura ku Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware, ku je.